Ƙarancin Jini Mai Manyan Ƙwayoyi a Ƙasar Kurfey

Abin da masana kiwon lafiya ke nufi da ƙarancin jini shi ne raguwar himogulobin, wato jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, har ya gaza ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye, wanda kafin ɗan gyaran da ta yi masa a 2024 ya kasance: giram 13 a kowace desilita ga namiji baligi, giram 12 ga mace, giram 11 ga mai juna biyu. Da ma'aunin hukumar na wancan lokaci ne binciken ƙasa kan jama'a da lafiya da aka gudanar a Nijar a 2012 ya nuna cewa kashi 73 cikin ɗari na yara masu wata 6 zuwa 59, da kashi 46 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49, jininsu bai kai ba. Sai dai alƙaluma irin waɗannan yawan masu matsalar kawai suke faɗi, domin ɗigon jinin da ake samu daga yatsa adadin himogulobin yake nunawa, ba ya nuna siffar ƙwayoyin da ke ɗauke da shi. Likitocin jini kuwa daga siffar suke farawa, inda suke raba ƙarancin jini gida uku bisa girman ƙwaya: mai ƙananan ƙwayoyi, wanda galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ke haddasawa, mai matsakaita, irin wanda ke biyo bayan zubar jini ko doguwar jinya, da mai manyan ƙwayoyi, wanda ba kasafai ake gano shi a asibitocin karkara ba, alhali wani nau'insa yana iya taɓa laka da ƙwaƙwalwa ta yadda ba za su koma daidai ba.

Lafiyayyar jar ƙwayar jini girmanta tsakanin femtolita 80 zuwa 100 yake, femtolita kuwa ma'auni ne da ya yi ƙanƙantar da sai na'ura ke iya ƙididdige shi, kuma idan matsakaicin girman ƙwayoyin mutum ya haura 100 sai a ce sun wuce kima. A cikin ɓargo ake samar da su, inda uwar ƙwaya ke rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, kowane zubi yana fin na baya ƙanƙanta, har a kai ga ƙwayar da ta nuna, wadda za ta shiga jini ta yi aiki na kimanin kwana 120. Kafin kowace rabuwa dole ƙwaya ta kwafi sinadarin gadonta da ake kira DNA, wannan kwafi kuwa ba ya yiwuwa sai da bitamin biyu, wato folet, wanda nau'insa na masana'anta ake kira folik asid, da kuma bitamin B12. Idan ɗayansu ya yi ƙaranci sai kwafin ya yi jinkiri, rabuwa ta tsaya, amma jikin ƙwayar ya ci gaba da tara furotin yana ƙaruwa, tamkar curin fura da aka yi ta ƙara wa gari ba a gutsuttsura shi ba. Wannan ƙatuwar ƙwaya mai ɗanyar cibiya ita ce Bajamushen masani Paul Ehrlich ya sa wa suna megalobulas a 1880, kuma da yawansu a cikin ɓargon suke mutuwa tun ba su fito ba, abin da ya sa ake samun ɓargo cike maƙil da ƙwayoyi alhali mai shi yana haki don rashin jini. Akwai wasu abubuwan da ke ƙara girman ƙwaya ta wata hanya dabam, kamar yawan shan giya, da ciwon hanta, da wasu magunguna irin zidobudin na ƙanjamau, amma bitamin biyun nan su ne tushen mafi yawan abin da ya shafi mutanen karkara.

An daɗe da sanin cutar kafin a san dalilinta. Thomas Addison ya siffanta ta a Landan a 1855, Anton Biermer kuma ya kira ta ƙarancin jini mai halakarwa a 1872, domin a wancan zamani wanda ya kamu ba ya tashi. A 1926 ne George Minot da William Murphy suka nuna a Boston ta Amurka cewa majinyata na farfaɗowa idan aka dinga ciyar da su hanta mai yawa kullum, aikin da ya sa suka sami kyautar Nobel tare da George Whipple a 1934. William Castle ya ƙara haske a 1929 da wani gwaji mai tayar da zuciya, inda yakan ci nama ya bar shi ya jima a tumbinsa, sannan ya dawo da shi a ɗura wa majinyata, su kuma jininsu ya ƙaru, alhali naman shi kaɗai bai yi musu amfani ba; da haka aka gane cewa lafiyayyen tumbi na fitar da wani furotin da ke raka sinadarin abincin har jiki ya karɓe shi. Sai a 1948 aka tace bitamin B12 kansa. Folet kuwa daga ɗakin masu ciki aka gano shi, domin likita Lucy Wills, wadda ta isa Bombay ta Indiya a 1928 don binciken ƙarancin jinin da ke kashe talakawan mata masu juna biyu, ta bayyana a 1931 cewa wani abin shafa wa burodi da ake yi da yisti mai suna Marmite yana warkar da su, kuma a 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turai.

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin bitamin biyun shi ne na ajiya. Baligi na buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 na B12 a rana, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, alhali jikinsa, musamman hanta, na iya riƙe miligiram 2 zuwa 5, wanda zai kai shi shekara uku zuwa biyar ko da ya daina samu gaba ɗaya. Folet ba haka yake ba, domin ana buƙatar maikirogiram 400 a rana, mai ciki 600, ajiyar jiki kuma ba ta wuce ta wata uku zuwa huɗu. Wani likitan Amurka, Victor Herbert, ya tabbatar da haka a jikinsa, kamar yadda ya wallafa a 1962, lokacin da ya koma cin abincin da aka tafasa sau uku ana zubar da ruwan, cikin kimanin wata huɗu da rabi kuwa ɓargonsa ya fara fitar da manyan ƙwayoyi. Ke nan ƙarancin folet yana bin juyin yanayi na shekara guda, na B12 kuma yana bin abin da ya sami gida shekaru da suka wuce, duk biyun kuwa ana iya ganin hanyarsu a tsarin rayuwar ƙasar Kurfey.

Ƙasar Kurfey tana cikin gundumar Filinge ta jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a yankin da kwarin Dallol Boso ya ratsa, kuma ƙaramar hukumar Kurfey ta Tsakiya, inda garin Shikal yake, ɓangare ce daga cikinta. Kurfayawa manoma ne masu haɗawa da kiwo, suna zaune tare da Fulani da Buzaye da Zabarmawa, a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, shi ma tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Gero shi ne ginshiƙin abinci, a matsayin tuwo da fura da kunu, geron da aka surfe aka wanke kuwa ba shi da folet mai yawa, B12 kuma babu shi sam. Da damina ɗanyen ganye na wadata, irin su tafasa da yakuwa da rama da lalo da zogale, da kaka kuma wake ya shigo, wanda yake cikin abincin da suka fi kowane folet, domin giram 100 na dafaffensa na ɗauke da kimanin maikirogiram 200. Amma wake a Nijar amfanin sayarwa ne, 'yan kasuwa na kwasar sa zuwa Najeriya tun daga kaka, gidaje da yawa kuma da kuɗinsa suke biyan bashi da hidimar aure, ta yadda kafin bazara abin da ya rage a tukunya shi ne tuwo da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Shanya ganye a rana da barin miya ta daɗe tana ɓararraka kan murhu suna lalata kaso mai yawa na folet, sinadari ne da ba ya jure zafi, kuma yana bin ruwan da aka tsiyaye. Idan aka lissafa watannin da ke tsakanin ƙarewar wake da fitowar sabon ganye, za a ga sun kai ko sun zarce watanni uku zuwa huɗun da ajiyar jiki ke iya ɗauka.

Ƙarancin abinci shi kaɗai bai cika kai mutum ga ciwo ba sai buƙata ta ƙaru, a nan kuwa mata ne a sahun gaba. Binciken 2012 ya ƙiyasta cewa macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, wanda ke nufin daga ciki sai goyo, daga goyo sai ciki, ba tare da tazarar da jiki zai mayar da abin da ya bayar ba. Zazzaɓin cizon sauro na ƙara nauyi, domin yana farfasa jajayen ƙwayoyi, ɓargo kuma ya shiga ninka aikinsa don cike gurbi, kowace sabuwar ƙwaya tana cin folet. Haka ma mai amosanin jini, wato sikila, wanda ƙwayoyinsa ba sa wuce 'yan makonni, shi ya sa ake ɗora shi kan folik asid. Shaida mafi kusa da ƙasar Hausa ta fito ne daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Alan Fleming da Kelsey Harrison da abokan aikinsu suka bi Hausawa mata 200 masu cikin fari, waɗanda aka raba rukuni biyar, suka wallafa sakamakon a 1986. Abin da suka gani shi ne kare mace daga zazzaɓi kaɗai ya rage tsananin ƙarancin jini, ya kuma rage bayyanar manyan ƙwayoyi a ɓargo, ƙara folik asid a kai kuma ya kawar da su. Wannan na nuna cewa gidan sauro ma yana cikin maganin cutar da a zahiri ta abinci ce.

Akwai wani ƙulli a nan da ya kamata ma'aikatan cibiyoyin lafiya su riƙe. Maganin da ake bai wa masu ciki a wajen awo don rigakafin zazzaɓi, wanda aka fi sani da Fansidar, da kuma wanda ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, suna aiki ne ta hanyar toshe wa ƙwayar cutar hanyar sarrafa folet. Saboda haka hukumar ta ce ƙwayar da mai ciki za ta sha kullum ta ƙunshi ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4, ta kuma yi gargaɗi cewa miligiram 5 ko fiye na raunana aikin Fansidar. Ƙwayar miligiram 5 ɗin kuwa ita ce ruwan dare a shagunan magani da tiren masu talla, mace kuma na iya saye da kyakkyawar niyya don ƙarin jini, a wayi gari ana tufka da warwara.

Bitamin B12 ba shuka ke yin sa ba, ba kuma dabba ba, ƙananan halittun bakteriya ne kaɗai ke haɗa shi, su kuwa suna zaune a tumbin saniya da tunkiya da akuya, daga nan yake shiga nama da hanta da nono. Rabin lita na madarar shanu na ba da kimanin maikirogiram 2, kusan buƙatar yini ke nan, don haka furar da aka dama da nono na ƙwarai ta daɗe tana kare mutanen Sahel ba tare da sun sani ba. Yankin Filinge ya shahara da shanun Azawak masu yawan nono, waɗanda tashar kiwo ta Tukunus da ke arewa da garin ta shafe shekaru tana inganta irinsu. Sai dai shahara ba ta nufin nono na kowane gida: farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, da matsin abinci na 2005 da 2010, sun sha rage garkuna, rashin tsaro da satar shanu da suka addabi arewacin Tillaberi a shekarun nan sun ƙara, shanun da suka rage kuma da rani nononsu ja da baya yake yi. A gidan da aka koma dama fura da ruwa, nama kuma sai ranar suna ko layya, ajiyar hanta na zurarewa sannu a hankali, alamun kuma ba za su fito ba sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai danganta su da saniyar da aka sayar.

An daɗe ana koyarwa cewa a Afirka folet ne matsalar, ƙarancin B12 kuwa na dattawan Turai ne, amma bincike ya rushe wannan zato. A Zimbabuwe, wani nazari da aka wallafa a 1994 ya gano cewa mafi rinjayen masu manyan ƙwayoyi a asibiti B12 suka rasa. A Malawi, binciken 2008 kan yara masu tsananin ƙarancin jini ya sami ƙarancin B12 a kusan kashi 30 cikin ɗari. A Nijar kanta, nazarin da aka yi kan mata masu ciki a karkarar Damagaram, aka wallafa a 2017, ya nuna sama da kashi 40 cikin ɗari folet ɗinsu ya yi ƙasa, kimanin ɗaya cikin uku kuma B12. Damagaram ba Kurfey ba ce, amma gero da ƙarancin ruwa da tsarin haihuwa sun haɗa su.

Jarirai su ne suka fi saurin cutuwa. Nonon uwa na riƙe folet ɗinsa ko da uwar na ƙarewa, amma B12 na nono yana bin na jikinta, don haka jaririn da aka haifa da 'yar ajiya kaɗan yakan fara nuna alama tsakanin wata huɗu zuwa goma: ya yi laushi, ya daina murmushi, ya ƙi abinci, wanda ya fara zama ya koma ba ya iyawa, wani har da karkarwar gaɓoɓi. Marayan da aka raina da nonon akuya zalla kuma hatsarinsa ta ɗaya gefen yake, domin nonon akuya na da ƙarancin folet ƙwarai idan aka gwada shi da na saniya. A wajen manya kuwa ba kullum abinci ne ke gazawa ba. Wani garkuwar jikinsa ce ke lalata ƙwayoyin tumbin da ke fitar da furotin ɗan rakiyar nan, wanda shi ne ainihin ciwon da Addison ya gani, wani kuma ƙarshen ƙaramin hanjinsa, inda ake tsotse bitamin ɗin, shi ne ya sami matsala. Daɗewa kan omefirazol, maganin gyambon ciki da ake sha ba da izinin likita ba, da metformin na ciwon sukari, su ma suna rage tsotsewar.

Alamun farko ba su da bambanci da na kowane ƙarancin jini, wato kasala da jiri da haki da bugun zuciya, sai ɗashewar tafin hannu da cikin fatar ido. Abin da ke ware wannan nau'in sai an duba da kyau: harshe kan yi sumul, ja, mai zafi idan an ci yaji, farin ido kan ɗan yi rawaya saboda ƙwayoyin da ke mutuwa a ɓargo, har a ɗauka shawara ce a shiga jiƙe-jiƙe, a jikin baƙar fata kuma gaɓoɓin yatsu da tafin hannu sukan ƙara duhu. Idan B12 ne ya gaza, rufin da ke lulluɓe da jijiyoyi na lalacewa, sai majinyaci ya riƙa jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, takalmi ya zame bai sani ba, ya kasa tafiya daidai cikin duhu domin ƙafar ta daina sanar da shi inda ƙasa take. Daga nan mantuwa na iya shiga, ko sauyin hali da ruɗewa, abin da iyali kan fassara da tsufa ko iska, a nufi wajen malam ko boka watanni kafin a tuna da asibiti. Lalacewar jijiya na iya zuwa ma jini bai ragu ba tukuna.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, domin ko na'urar ƙidayar ƙwayoyi tana iya ruɗuwa. Matar da ta rasa ƙarfe da folet a tare, jininta na ɗauke da ƙanana da manyan ƙwayoyi a gauraye, na'ura kuma matsakaici take bayarwa, sai lambar ta fito tsakanin 80 da 100 kamar babu komai. Hanyar da ta fi tona asirin tsohuwa ce mai araha: a shafa ɗigon jini a gilashi, a rina, a duba ta madubin likita, inda ƙwararren ma'aikaci zai ga manyan ƙwayoyi masu ɗan tsawo, da fararen ƙwayoyin da cibiyarsu ta rabu gida shida ko fiye maimakon uku ko huɗu. Madubin da ake neman ƙwayar zazzaɓi da shi a asibitin gunduma irin na Filinge shi ne dai ake buƙata, abin da ya rage horo ne da kuma likitan da zai nemi a duba. Auna B12 da folet kai tsaye aikin manyan ɗakunan gwaji ne, da tsadar da manomi ba ya iya ɗauka.

Kuskuren da ya fi hatsari shi ne a bai wa mai ƙarancin B12 folik asid mai yawa shi kaɗai, domin jinin zai gyaru, kowa ya saki jiki, laka kuma ta ci gaba da lalacewa. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce idan ba a tantance ba, musamman in akwai alamar jijiya, a fara da B12 ko a haɗa biyun. Ana yin allurar miligiram 1 sau da yawa a makonni biyun farko, folik asid kuma miligiram 5 kullum na wata huɗu ga wanda aka tabbatar shi ya rasa, kuma cikin mako guda sababbin ƙwayoyi kan cika jini, himogulobin ya dinga hawa da kimanin giram 1 a mako. Ƙarin jini sai in rai na cikin hatsari, shi ma a hankali, domin zuciyar da ta daɗe tana wahala ba ta ɗaukar ruwa mai yawa a lokaci guda.

Ta fuskar rigakafi, Amurka ta wajabta zuba folik asid a garin hatsi daga 1998, bayan gwajin Birtaniya na 1991 ya nuna yana rage haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen gadon baya, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama kuma sun bi sahu a kan garin alkama. Amfanin wannan ga Kurfey taƙaitacce ne, tunda geron da ake ci daga rumbu yake zuwa turmi ko injin niƙa na gari, bai bi ta masana'anta ba. Awon ciki, wanda gwamnatin Nijar ta mayar kyauta a 2006, shi ne babbar ƙofa, amma bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, alhali kunya, musamman ta cikin fari, kan sa a ɓoye ciki sai ya fito, a je awo a wata na biyar ko na shida. Ƙwayar da ake bayarwa a wajen awon ma ƙarfe da folik asid ta ƙunsa, babu B12 a cikinta, sai a nau'in mai sinadarai da yawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2020 a yi amfani da shi tare da bincike. Wanda tumbinsa ya daina fitar da furotin ɗan rakiya kuwa magani na har abada yake buƙata, allura duk wata biyu ko uku, wanda ga mazaunin ƙauye mai nisa da cibiyar lafiya yana nufin kuɗin babur da asarar yinin aiki sau huɗu zuwa shida a shekara. Ga irinsa akwai zaɓin ƙwayar miligiram 1 zuwa 2 kullum, domin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka haɗiya yana ratsa hanji ko babu ɗan rakiya.